Alamar Gindin Kwano

Kwamfuta ba ta san zane ba, lamba ta sani. Abin da Auta ta yi ta fama ta fahimtar da kakanta ke nan, ranar da ya ga akwati a cikin sunan matarsa.

Tsoho na cikin 'yan kaɗan da suka rage masu iya rubutun mutanensu, irin wanda alama ɗaya ke ɗaukar gaɓa guda. Da shi ya cika littafi da tarihin zuri'a, ita kuma jikar, da yake aikinta ke nan a ofis, ta ce za ta buga masa. Komai ya tafi sumul har suka iso sunan marigayiya matarsa. Gaɓar farko ta fito, ta biyu ta fito, ta uku sai wani ɗan akwati fanko.

"Ke amarya, me ta yi miki kika kulle min ita a akwati?"

"Ba ni ba ce, Tsoho. Akwai wani babban jadawali, kowace alama da lambarta. In na danna, lambar ce ke tafiya, na'ura ta duba ta zana. Wannan ba a ba ta lamba ba."

"Wato an yi taro ba a ajiye mata kujera ba."

Ya yi dariya, amma Auta ta ga yadda ya rufe littafin a hankali. Abin ya tsaya mata a rai.

Ta rubuta wa masu kula da jadawalin. Suka ce sai ta kawo hujja, a ga alamar a hannun mutane daban-daban, don kada ya zamana adon alƙalamin mutum ɗaya ne. Da gaskiyarsu, lamba in an bayar ba a karɓewa. Yarinyar nan kuwa akwai naci. Wata huɗu tana bin tsofaffin wasiƙu da rasitai har idonta ya raina fata, amma gaɓar ba kasafai take zuwa a magana ba. Ko sau ɗaya ba ta gan ta ba.

Wata Asabar tana gyaran kicin ta sauko da kwanonin marigayiya. Ta kifa na farko ya tsane, sai ga alamar da jan fenti a gindinsa, ta yi ɗas. Ta kifa na biyu, ga ta. Na uku ma haka, sai dai wannan karon wutsiyarta ta fi tsawo.

Ta kwaso su da gudu.

"Af, ai shaidarta ce," in ji Tsoho. "Mata uku a layin nan sunansu ya fara iri ɗaya, sai ta ɗauki gaɓar ƙarshe ta nata sunan. Kullum kwanoninta na gidan wasu. In fentin ya koɗe, wadda ta ara ita ke sabunta shi kafin ta maido."

Kwano tara, rubutun hannun mutum biyar. Auta ta jera su a bakin taga, ta ajiye rula a gefen kowanne, ta ɗauki hoto. Tana yi tana mamakin matan nan da suka adana abin da littattafai suka yar, alhali su dai kada kwano ya ɓace ne damuwarsu.

Bayan ta aika wa masu jadawalin hotunan, sai da aka kwashe shekara biyu. Idon Tsoho ya ƙara rauni, ya daina tambaya, ita kuma tsoro ya hana ta tayar da zancen. Ranar da lambar ta fito, ta buga sunan da manyan baƙaƙe, ta kawo masa takardar da hantsi.

Ya matso da ita dab da fuskarsa. Ya bi gaɓar farko da yatsa, ya bi ta biyu. A kan ta uku yatsan ya tsaya, ya daɗe.

"Sai yanzu kika iso?" ya ce a hankali. "To, sannu da zuwa."