Saitin Dadda Bihi

Lahsan ya ajiye kafireta biyu a kan bargon mara lafiya, matar mara lafiyan, Lalla Ijja, ta dafe kai.

"A kan bargon da na wanke jiya, Lahsan?"

"Ƙyale shi, Ijja," in ji Dadda Bihi daga cikin matasai. "Yau ne aka kawo mini maganin gaske."

Wata uku ke nan ciwon huhu ya kwantar da Dadda Bihi, kuma tun da asibiti suka sallamo shi da kallon tausayi, kowa a layinsu na Tarudant ya san abin da ake jira. Shi ya fi kowa sani, shi ya sa ya kira maƙwabcinsa Lahsan bakanike ya ɗaure shi da alkawari. So yake a binne shi a Imzilan, ƙauyensu na ƙolin dutse, kusa da mahaifiyarsa. Motar gawa ba ta hawa wannan hanya. Abin da ke hawa sai Alfadara, tsohuwar motarsa ta kaya mai shan fetur, wadda ta shekara talatin tana kai siminti sama tana saukowa da tuffa. Shekara biyu ke nan tana tsaye a ƙofar gida da fasasshiyar kafireta. In ranar ta zo ba ta tashi ba, to sai maƙabartar gari, don gawa ba ta jiran bakanike.

Tun safe Lahsan yake yawo a kasuwar tsofaffin kayan mota kafin ya samo biyun nan. Ɗaya tana ƙyalli, ɗaya baƙa ƙirin, har da saƙar gizo a maƙogwaronta. Tsohon bai ma dube su ba. Ya lalubi mai ƙyallin, ya kama ƴar sandar da ke buɗe iska, ya girgiza.

"Ka ji? Rawa take. An yi mata kwalliya ne don irinku masu sayen abu da ido." Tari ya sarƙe shi, sai da Ijja ta ɗaga shi. Da ya lafa ya taɓa baƙar. "Wannan mummunar za mu aura."

Lahsan ya kusa shekara hamsin, har da furfura a gemu, amma a gaban Dadda Bihi kullum ɗan koyo ne. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin tagar ɗakin, ya warware kafiretar ya jera kayan cikinta, ya jiƙa su a kwanon fetur. Kwana biyu yana wankewa yana yanka sabon gaskit, muryar tsohon kuma tana saukowa daga taga, kullum tana ƙara ƙanƙancewa.

"Kada ka zura waya a ramukan nan! Busawa ake yi. Ba ka da baki ne?"

A rana ta biyu Ijja ta fito da akwatin ashana ta miƙa masa. A ciki akwai ƴar ƙwayar tagulla mai rami, wadda mai ke bi ya shiga inji. Lahsan ya ɗaga ta ya duba da hasken rana, ya ga ramin ya fi na wadda ta zo da kafiretar ƙanƙanta.

"Dadda, wannan ta yi matsi. Mai ba zai ishe ta ba."

"Saka."

"Wallahi yunwa za ta..."

"Motarka ce?"

Ya saka, ransa ba ya so.

Ranar Laraba bayan la'asar ya ɗaura ta, ya murza makulli. Alfadara ta yi gurnani, ta yi tari, ta tashi. Maƙwabta suka firfito. Dadda Bihi yana da gwajinsa da duk layin ya sani: a ɗora kofin shayi a kan bonet, in shayin ya kwanta lub, inji ya samu saiti. Ijja ta kawo kofi, Lahsan ya ɗora. Kofin ya hau karkarwa, shayin ya malale a kan tsohon fenti.

"Ƙara ɗaure sukurun mai," aka ce daga taga. "Rabin juyi. Kaɗan kuma. Tsaya nan."

Injin ya ƙara shaƙewa, yana ci yana yankewa.

"Dadda, ka ji ta kuwa? Yunwa take ji!"

"Bar ta da yunwarta."

Lahsan ya leƙa ta taga. Tsohon yana kwance ido a rufe, yana murmushi kamar mai jin kiɗa. Tausayi ya cika Lahsan. Mutumin da a da yake gane ciwon mota tun daga kwanar titi, yau kunnensa ya riga shi tafiya. Bai ƙara musu ba, ya kashe motar, yana cewa a ransa zai gyara daga baya.

Washegari da hantsi, Ijja tana gutsura wa mijinta burodi a miya, Dadda Bihi ya cika.

Ana can ana wanka, Lahsan ya ɗaga bonet, ƙwayar mai faɗin rami tana aljihunsa. Minti goma ya ishe shi. Sai ya ji tsayuwar mutum a bayansa. Ijja ce, har ta sa fararen kayan takaba.

"Me kake taɓawa?"

"Lalla, a haka ba za ta kai mu ba. A hanya za mu tsaya da shi."

"Shekara arba'in da shida ina musu da mutumin nan a kan komai, kuma yawanci ni ke da gaskiya. A kan motar nan ban taɓa cin sa ba. Rufe."

Ya rufe.

Aka sa makara a baya, maza shida suka zauna kewaye da ita, Ijja ta shiga gaba. Tafiyar fili ta zama azaba. Motar tana fizga tana atishawa, sau biyu tana mutuwa a tsakiyar gonakin lemo, na baya suka sauko suka tura, suna salati suna hararar Lahsan. Gumi ya jiƙa masa riga. Yana zagin kansa da ya biye wa mai mutuwa da mai takaba, yana lissafin inda zai juya a koma maƙabartar gari tun rana ba ta faɗi ba.

Daga nan kwalta ta ƙare, hanya ta fara hawa. Kwana bayan kwana, kogi yana nisa a ƙasa. Kunnuwan Lahsan suka toshe, ya haɗiyi yawu suka buɗe, sai ya ji abin da bai zata ba. Atishawar ta ragu. Suka ƙara hawa, ta daina. Injin ya ɗauki murya guda, mai kauri, yana ja ba fargaba.

A nan abin ya faɗo masa. Iskar sama ba ta da kauri, fetur kaɗan inji yake buƙata a nan. Da ya sa ƙwayar da ke aljihunsa, da motar ta ƙoshi a fili, ta zo nan mai ya shaƙe ta, ta yi baƙin hayaƙi ta mutu a kwanar da ba a iya turawa. Shi duk rayuwarsa motocin fili yake gyarawa. Tsohon ba don ƙofar gida ya saita ta ba, daga gadonsa wannan hawan yake saurare.

Hawaye ya hana Lahsan ganin hanya, ya goge da hannun riga.

"Ka ji shi ko?" in ji Ijja, tana kallon gaba.

"Na ji, Lalla."

Kafin la'asar aka binne Dadda Bihi kusa da mahaifiyarsa, a gindin wani tsohon icce. Da aka watse, wani dattijo ya miƙo wa Lahsan shayi. Bai sha ba. Ya taka zuwa inda Alfadara take, ya tada ta, ya bar ta a silo, injin yana aiki tana tsaye, ya ɗora kofin a kan bonet, daidai inda tabon shayin jiya yake.

Shayin ya kwanta lub. Ganyen na'ana'a ɗaya yana bisa, ko motsi bai yi ba.