Fam Ya Faɗi, Gida Ya Tashi

Hilda Ramsden ta riga ta nuna cinyar ragon, mahauci ya ɗora ta a sikeli, sai ta ce ya dakata.

"Mayar da ita, Gaston. Ba ni wuya, rabin kilo."

Gaston ya dube ta ta saman tabarau. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana sayen nama a wurinsa kowace Asabar, tun da ita da mijinta Clive suka baro Ingila suka tare a wani ƙauye kusa da wannan gari na tsakiyar Faransa.

"Madam Hilda, wuya kuma? Clive ya yi miki laifi ne?"

"Shi kullum cikin laifi yake. Amma wannan karon fam ne, kuɗinmu na Ingila."

"Ya sake zamewa? Ku da kuke da hoton sarki a jikin kuɗi, ku ce masa ya riƙe shi da kyau mana!" Ya naɗe wuyan a takarda, ya ƙara da wani ƙaton ƙashi mai nama. "Wannan na kare ne."

"Ka san ba mu da kare."

"To, na Clive ne."

Ta yi dariya, amma kafin ta isa mota dariyar ta gudu. Fanshonsu daga Ingila yake zuwa, da fam, su kuwa da yuro suke cin abinci. Shekarar da suka zo, fam ɗaya kan ba su yuro ɗaya da kusan rabi. Yanzu da ƙyar yake haura ɗaya. Ba wanda ya rage musu ko kwabo a takarda, amma kwandon cefane sai ƙara sauƙi yake yi. Ɗan abin da Clive ya zuba a hannun jari don ranar buƙata, shi ma ya rame a bana. Ga rufin gida yana yoyo, ga hunturu na tafe.

Tana buɗe mota wayarta ta yi ƙara. 'Yarsu Joanne ce daga Ingila.

"Mama, dillaliyar gidan yau za ta zo ko?"

"Ƙarfe uku."

"To don Allah kada Baba ya kore ta da surutun tumatir. Ki duba fa, gidanku da yuro za a saye shi. Fam ya faɗi, ke nan in kun juya kuɗin za ku samu fiye da bara nesa ba kusa ba. Wannan ne lokacin. Akwai wani ɗan gida a bene kusa da mu, ku da yara kullum."

"Na ji, Joanne."

"Kin ji, ko kin yarda?"

"Ina tuƙi," in ji Hilda, ko da yake ba ta ma tayar da motar ba.

Ta tarar da Clive a ɗakin sama yana haki. Tsohon makanikin bas ne, mai faɗin kafaɗa da gwiwa ɗaya mai ciwo. Ya ture durowar kaya ta rufe tabon ruwan da ke bango.

"Ina bokitan?" ta tambaya.

"Suna bayan rumbun itace. Yau ba mu da yoyo."

"Tsoho, za ka karya bayanka a kan ƙarya. Aikin dillaliyar ke nan, kana tsammanin ba za ta ɗaga kai ta dubi sili ba?"

"In ta ɗaga kai sai in yi tari."

Suka ci burodi da cuku a kicin, ba wanda ya ɗauko maganar sayar da gidan. Mako uku ke nan suna haka. Clive na cewa "yadda kika gani," ita tana cewa "bari dai mu ji farashi."

Uku saura kaɗan wata ƙaramar mota ta tsaya. Wata budurwa ta fito da jaka a hammata, sanye da doguwar kwat ta ulu mai ruwan toka. Ta turo ƙofar lambu, sai suka ji ƙyat! Ƙusar da Clive ya yi wata shida yana alkawarin cirewa ta kama gefen kwat ɗin, ta yaga shi tsawon ɗan yatsa.

Budurwar ta tsaya tana duban wurin, fuskarta ta canza.

"Ba komai," ta ce. "Sunana Solène Marchat. Ba komai, Madam." Amma hannunta bai bar wurin ba. "Ta mahaifiyata ce. Bara ta rasu."

Hilda ta harari Clive har ya sunkuyar da kai, sannan ta miƙa hannu. "Cire ki ba ni."

"A'a, kada ki wahalar da kanki, zan kai wa tela ya sa faci."

"Faci? A wannan ulun? 'Yata, cire ki ba ni. Clive zai zagaya da ke. Kai kuma ka nuna mata komai, har da bokitan."

Ta zauna bakin tagar kicin inda haske ya fi, ta ɗauko gwangwanin allurai. Shekara talatin da biyu ta yi a wata masaƙar ulu a Huddersfield, kuma aikinta ɗaya ne: duk yadin da ya fito daga inji da lahani, a gabanta ake shimfiɗa shi ta gyara yadda mai saye ba zai taɓa sani ba. Ta juya kwat ɗin, ta zare zaruruwa daga cikin kalmasa, ta ƙirga saƙar: biyu sama, biyu ƙasa. Sai ta shiga mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Yatsunta sun ɗan yi tauri da farko, daga baya suka tuna hanya da kansu. Ta taga tana jiyo Clive yana gabatar da tumatirinsa da gurguwar Faransancinsa, kowane iri da sunansa da tarihinsa. Yau kam ta gode wa surutunsa.

Sai bayan awa ɗaya da rabi suka shigo. Solène ta zauna, ta buɗe jaka, ta rubuta lamba a takarda ta tura tsakiyar tebur.

"Na cire kuɗin rufi," ta ce, tana murmushi. "Na ga bayan durowar. Masu neman irin wannan gida suna nan, kafin Kirsimeti zan iya sayar da shi."

Clive ya danna lambar a wayarsa ya juya ta zuwa fam. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wa Hilda. Kuɗin sun zarce abin da suka zata. Za su sayi gidan benen da Joanne ta faɗa, har da saura.

"Ikon Allah," in ji Clive a hankali. "Abin da ya hana mu cin nama shi ya mai da mu masu kuɗi."

Hilda ta ɗora ƙyalle mai laima a kan kwat ɗin, ta bi da dutsen guga, ta miƙa wa mai ita.

Solène ta duba gefen dama. Ta duba na hagu. Ta kai kwat ɗin bakin taga, ta shafa, ta juya cikinta.

"Ina wurin yake?"

"In kin gano shi, ban iya aikina ba."

Budurwar ta rungume kwat ɗin a ƙirji. Da ta ɗago sai ta ce, "Madam, a ina kika koyi wannan? Gwaggona tana da shagon gyaran tsofaffin dardumomin bango a cikin gari. Aiki ya taru mata na shekara biyu, har daga Paris ake aiko mata, ta rasa hannu. Duk wanda ta ɗauka wata ɗaya yake yi ya gudu. Takardar zamanki a ƙasar nan ta ba ki izinin aiki?"

"Ta ba ni. Amma ban taɓa gyaran darduma ba."

"Zare ne da allura da haƙuri. Bari in kira ta."

Ta fita lambu da waya a kunne. Takardar nan tana tsakanin Hilda da Clive a kan tebur.

Clive ya yi gyaran murya. "Hilda, in kina son komawa kusa da jikoki, ni ba zan tare miki hanya ba. Tumatir ko a tukunya sai ya fito."

"Wa ya ce maka ina son komawa?"

"Ke kika kira dillaliya."

"Don na ga ba ka barci ne! Kullum da asuba kana zaune da waya kana kallon farashin fam kamar mai jinya."

"Ni don ke nake kallo. Na ga kin daina sayen gahawarki mai kyau, kina cewa wai ta daina miki daɗi."

Suka dubi juna. Hilda ce ta fara dariya, har sai da ta share ido da bayan hannu.

"Shekara arba'in da huɗu da aure, tsoho, har yanzu ba mu iya magana ba."

"Jikokin fa?"

"Jirgi awa biyu ne. Kuma sun fi son nan, can ina za su ga shanu? Joanne za ta yi fushi na mako ɗaya." Ta dubi takardar da ke kan tebur. "Ban san ko nawa matar za ta biya ba. Wataƙila ba zai kai kuɗin rufi a bana ba."

"Rabin rufin ma ya isa, ɓangaren da muke kwana. Amma dai yuro ne. Ba ruwansa da abin da 'yan kasuwar London suka tashi da shi."

Solène ta leƙo ta ƙofa, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Ta ce kwana uku a mako, in gwaji ya yi kyau. Ranar Litinin ƙarfe tara, ki zo da alluranki. Kun gani ko, na zo neman gidan sayarwa na yi wa kaina asara." Ta saurari wayar kaɗan. "Tana tambayar shekarunki."

Hilda ta yi tunanin rage biyar, sai ta fasa.

"Sittin da takwas."

Solène ta maimaita a waya. Daga can wata kakkausar murya ta yi magana mai tsawo. Budurwar ta ciji leɓe don kada ta yi dariya.

"Me ta ce?" in ji Hilda. "Faɗa mini kawai, ba zan ji haushi ba."

"Ita saba'in da bakwai gare ta. Ta ce madalla, daman ta daɗe tana son ta ɗauki yarinya."