Turakun Baba Zakka

Wata takwas Madam Filomina ta yi tana bin fayil ɗaya a ofishin tsara gari, har masinjojin wurin suka daina tambayarta abin da ya kawo ta. Ita ce shugabar wata makarantar firamare a Sabon Garin Keffi, kuma abin da take nema bai taka kara ya karya ba: izinin ƙara aji biyu a jikin tsohon gini. 'Yan aji huɗu, su tamanin da huɗu, a rumfar kwano suke karatu, rumfar da in hadari ya taso malamarsu sai ta kama addu'a ta bar darasi. Damina kuwa saura mako uku, in ma ta yi musu kara.

A ƙarshe dai aka ce mata ta kafa turaku, ta ja igiya kafin a haƙa fandesho. Za a turo injiniya ta auna, in abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke takarda, nan take za a sa hannu.

Ranar Talata da hantsi injiniyar ta sauko daga keke-napep. Sunanta Halima Sadiya, yarinya ce siririya mai tabarau, irin waɗanda ba sa dariya sai an tashi aiki. Hannu ɗaya fayil da tef ɗin awo, ɗaya hannun ƙaramin gwangwanin jan fenti. Kowa a garin ya san gwangwanin nan. In aka zana maka jan gicciye a bango, ka tattara leburorinka ka sallame su.

"Wannan fa, Injiniya?" in ji Filomina, tana murmushin da bai kai ciki ba.

"Ko'ina da shi nake zuwa, Madam. Ina birkilanku?"

Birkilan shi ne Baba Zakka, dattijo ɗan saba'in da wani abu, wanda kusan duk bulon da ke makarantar hannunsa ne ya ɗora shi. Surutunsa ya fi aikinsa suna, don ko siminti yake kwaɓawa sai ya ba shebur labari. Amma yau ya gaisa a taƙaice, ya koma gefe ya tsuguna yana wasa da guduma. Filomina ta lura, ta ce a ranta gajiya ce.

Halima ta auna tsawo, ta rubuta. Ta auna faɗi, ta rubuta, har ta ɗan gyaɗa kai. Filomina ta fara jin numfashinta yana sauka. Sai injiniyar ta miƙa mata bakin tef ta ce ta riƙe a turken kusurwa, ita kuma ta ja shi zuwa bakin titi. Ta tsaya ta duba. Ta dawo ta sake ja. Sannan ta buɗe takarda ta daɗe tana kallo.

"Madam, zanenku ya ce mita shida tsakanin gini da titi. Nan huɗu da rabi nake gani."

"Ba zai yiwu ba. A gabana safiyo mai awon fili ya kafa turakun nan."

"To, wani ya tuge su ya matsar. Ga ramukan farko can, an cike su da ƙasa."

Filomina ta je ta duba da idonta. Ramuka huɗu, an turbuɗe su, har an tattake da ƙafa don kada a gane. Ginin gaba ɗaya an tura shi wajen titi da mita ɗaya da rabi, kuma mutum ɗaya ne kaɗai ke taɓa igiyar nan. Ta juya.

"Baba."

Bai ɗago ba.

"Baba Zakka, da kai nake. Wa ya matsar da turakun nan?"

"Ni ne, Madam."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta tuna masa wata takwas ɗin da ta yi tana hawa bene tana sauka, ta tuna masa iyayen yara da suka yi ta ɗauko yashi da baro ranar Asabar. Ta ce in ido ne ya fara gazawa ai sai ya faɗa a nemo masa mataimaki. Tsohon ya bar ta ta gama, sannan ya miƙe a hankali ya nufi tsohuwar rijiyar da ke bayan makaranta. Daga bakinta ya fara takawa yana ƙirgawa a fili. A taku na goma sha biyu ya tsaya, daidai kan ɗaya daga cikin ramukan da aka cike.

"Mamata tana nan," ya ce.

Filomina shekara biyar ke nan da aka kawo ta makarantar, ba ta san cewa filin nan gidan mahaifin Zakka ne ba, kafin iyalin su ba da shi kyauta a faɗaɗa makaranta.

"Mu a wajenmu a gida muke binne namu," ya ce. "Lokacin da ta rasu ba mu da halin siminti, dutse kawai muka sa, yara suka yi ta wasa da shi har ya ɓace. Ni kaɗai na rage da na san wurin. Da na ga inda safiyo ya buga turke, na san ginshiƙi ne zai sauka a kanta. Ƙafa huɗu ake haƙa wa ginshiƙi, Madam. Ni na haƙa kabarin, na san zurfinsa."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, sai kwamiti ya zauna, a ce a tone ta. Na ɗauka mita ɗaya da rabi ba wanda zai lura."

Halima ta cire tabarau ta goge. Da ta yi magana muryarta ta yi laushi, amma maganar ba ta canja ba.

"Allah ya ji ƙanta, Baba. Madam, ba zan ɓoye miki ba, hanya biyu ce. In an mayar da turaku inda zane ya ce, yanzu a gabana, in sa hannu in tafi. In kuma za a kauce wa wurin, titi ba ya matsawa, dole a rage ginin. Sabon zane ke nan, sabon fayil, daga teburin farko."

"Wata nawa?"

"Kin fi ni sani."

Gaba kura, baya sayaki. Filomina ta dubi rumfar, inda ake jiyo yara suna rera jadawalin sau bakwai. Ta san abin da shugaban iyayen yara zai ce, don ba ya tauna magana: a bar rayayyu tamanin da huɗu cikin ruwa saboda wadda ta mutu shekara arba'in da suka wuce? Tsoro ya kama ta sosai, tsoron taron da za a yi da kuma tsoron abin da bakinta ke shirin furtawa.

Ba ta kai ga furtawa ba. Baba Zakka ya riga ya sunkuya ya tuge turken kusurwa, ya kawo shi kan tsohon ramin. Ya daidaita shi da hannun hagu, ya ɗaga guduma da dama. Halima ta buɗe fayil ta cire murfin biro. Gudumar ta tsaya a sama. Hannun da ya shekara hamsin yana dukan turke bai taɓa kuskure ba, yau ya ƙi sauka, tsohon kuma yana ta motsa baki da harshensu ƙasa-ƙasa, yana ba uwarsa haƙuri.

"Bari, Baba," in ji Filomina.

"Madam, yara ne..."

"Na ce ka bari. Ajiye gudumar." Ta juya ga injiniyar. "Ki shafa abinki."

Halima ta dube ta, sannan ta mayar da murfin biro. Ta buɗe gwangwanin da bakin makulli, ta je jikin bangon tsohon gini ta ja layi biyu, jan gicciye. Masu acaɓa da ke bakin titi suka juyo suna kallo, wani har ya fito da waya. Kafin azahar duk Sabon Gari za su ji.

Baba Zakka ya zauna a ƙasa, turken a kan cinyarsa.

"Iyayen yara ba za su yafe miki ba, Madam."

"Na sani, Baba."

Ta karɓi fayil ɗin daga hannun Halima, ta sa hannu a takardar dakatar da aiki, a layin da aka nuna mata. Daga nan ta wuce ofis ta zauna rubuta wasiƙar kiran taro. Sau uku tana farawa tana yagewa, don hawaye yana ɗiga a kan takardar.