Sunan Aro

Kwamfutar Ɓarnau da ƙarya take tashi kowace safiya, kuma shi ya koya mata.

Aikinsa tsara shafuka ne a wata ƙaramar maɗaba'a: littattafan makaranta, kalanda, katunan gayyata, duk abin da aka kawo. Manhajar da hannunsa ya saba da ita kuwa ba ta aiki sai a kan babbar manhajar wani kamfani mai ji da kansa, wanda ya ƙeƙasa ƙasa ya ce tasa ba za ta hau kowace kwamfuta ba sai wadda shi ya ƙera. Irin sirarran nan ne masu ruwan azurfa, waɗanda mai maɗaba'ar ya taɓa tambayar farashinsu, ya yi dariya, bai sake ba. Sai Ɓarnau ya haɗa tasa. Ya samo allon ciki a wurin masu tsofaffin kaya, ya ciro fanka daga wata da ta mutu, ya zuba su a baƙin akwatin ƙarfe mai lotsattsen gefe. Sannan ya soka mata wani ɗan filash a baya, wanda ba a cirewa ko da wasa. Aikin filash ɗin ɗaya ne. Da an kunna, babbar manhajar takan tambaya, wannan 'yar gidan wa ce? Sai filash ɗin ya yi caraf ya riga kowa amsawa, ya faɗi sunan wata kwamfutar kamfanin, ya karanto lambarta tiryan-tiryan. Manhajar ta gamsu, ta buɗe ƙofa.

In ka buɗe shafin da kwamfutar ke gabatar da kanta, hoton siririya mai ruwan azurfa za ka gani, fes da ita. Ka leƙa ƙarƙashin tebur, ga baƙin akwati nan yana huci. Tana aiki kamar jaka, ba ta taɓa kunyata shi a gaban mai kaya ba, amma tana da halayenta. Ba ta iya barci. In aka bar ta ta runtsa, ba ta farkawa sai an zare waya daga bango. Sautinta kan ɗauke ba dalili, ya dawo ba sallama. In kuma kamfanin ya aiko saƙon sabuntawa, ba a taɓawa sai an yi bincike, don da dannawa ɗaya za a iya gano ta. Ɓarnau ya taɓa gaya wa mai yankan takarda cewa yatsan da ya danna wannan maɓalli, a injin yankan za a sa shi.

Agola yake kiran kwamfutar. Shi ya raɗa mata da bakinsa, tun kafin wani ya riga shi.

Yana ɗan ƙarami mahaifiyarsa Umma ta shigo da shi gidan Baba, yana riƙe da gefen zanenta. Baba direba ne, matarsa ta fari ta rasu ta bar masa ɗa guda, Magaji, wanda tsawonsu ɗaya da Ɓarnau har ana musayar takalma. Daga baya aka haifi Auta. A faɗi gaskiya, Baba bai taɓa cutar da shi ba. Makaranta ɗaya, kwano ɗaya, in aka yanko yadi tare ake yankowa. Sai dai in baƙi suka zo, Baba yakan nuna su ɗaya bayan ɗaya ya ce, wannan Magaji ne, wannan Auta, wannan kuma yaron maiɗakina ne. Ba ƙarya ya yi ba, kuma abin da ya sa maganar ke ciwo ke nan. Sunan Ɓarnau ma daga bakin Baba ya fito, ranar da ya dawo ya tarar da rediyonsa a kwance filla-filla a kan tabarma. Yaron ya mayar da shi ya yi magana, da kusa guda a hannunsa da ya rasa mazauninta, amma suna ya riga ya kama.

Yanzu Umma ta daɗe da rasuwa. Magaji yana can wata ƙasa mai nisa yana aikin jirgin ruwa, sai a waya ake jin sa, ita ma ba kullum ba. Baba yana ɗakin baya a gidan Auta. Shi kuwa Ɓarnau furfura ta fara cin gemunsa, yana zaune a ɗaki guda a saman wani shagon taya, kujera ɗaya, kofi ɗaya. Ya taɓa aure bai daɗe ba, ba wanda ya yi wa wani laifi, shirunsa ne dai ya ishi matar. Hirarsa mafi tsawo da mutanen wani zauren intanet yake yi, masu irin kwamfutarsa, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Sun san lambar allon kwamfutarsa da ciwon sautinta kamar 'yan uwa. Da za su haɗu da shi a layin motar haya, ba wanda zai ɗaga kai.

Mantuwar Baba a hankali ta zo. Makulli, sunan titi, sannan fuskoki. Wata Lahadi Ɓarnau ya je gaisuwa kamar yadda ya saba, ya durƙusa a bakin gado, Baba ya ja bargo har wuya yana kallon sa kamar ɓarawo. Ɓarnau ya faɗi sunansa, bai yi amfani ba. Sai a zuwa na gaba, yana shiga da hasken taga a bayansa, tsohon ya washe baki ya miƙo hannu biyu ya kira shi Magaji.

Ɓarnau ya juya zai gyara masa, Auta ta taɓa gwiwar hannunsa.

"Yaya, ka amsa kawai. Tun safe bai ci komai ba."

Ya amsa. Ranar Baba ya cinye abincinsa tas, hannunsa ɗaya riƙe da na Ɓarnau, yana shafa bayan hannun da babban yatsa. A duk shekarun da suka yi gida ɗaya bai taɓa riƙe shi haka ba. Ɓarnau ya ji daɗi, ba zai ɓoye wa kansa ba, ya ji daɗi ƙwarai. A motar komawa kuma kunya ta rufe shi, kamar wanda ya ci abincin da aka ajiye wa wani.

Haka aka ci gaba. Auta takan riga shi shiga ta ce ga Magaji ya zo, sai ƙofa ta buɗe. Ya koyi abin da ake so: labarin teku, da girman jirgi, da yadda kifi ke bin haske. Bai taɓa ganin teku ba sai a kalandar da ya tsara.

Wata Lahadi Baba ya sa aka ɗauko masa tsohon rediyon nan daga saman durowa. Ya murɗa, shiru. Ya bubbuga, shiru. Ya ɗora shi a cinya ya yi tagumi.

"Magaji, yaron nan Ɓarnau ya daina zuwa."

Ɓarnau ya ce wataƙila aiki ne ya yi masa yawa.

"Ka ce ya zo ya duba min wannan. Shi kaɗai ya san kansa." Tsohon ya shafa murfin rediyon. "Cikin 'ya'yana shi ne ba ya son a gan shi. Ko a hoto sai ya koma gefe."

Cikin 'ya'yana. Maganar da ya yi rayuwarsa yana jira ke nan, ga ta ta fito salin-alin, ba wanda ya roƙa, kuma ba shi aka gaya wa ba. Ya ce to, zai gaya masa. Ya fita bai tsaya shan shayin da Auta ta haɗa ba.

A makon ne kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja, zauren intanet ya kacame. An cire sunan da Agola ke aro daga cikin kwamfutocin da ake karɓa, don ita ma waccan ta tsufa. Maganin a bayyane yake, mutanen zauren har sun rubuta shi: a ari sunan wata sabuwa, a canza lamba, a ci gaba da rayuwa. Ranar Asabar da rana, bayan an rufe maɗaba'a, injuna sun yi tsit, warin tawada ya kwanta, Ɓarnau ya zauna ya buɗe fayil ɗin filash. Ya goge tsohon sunan aro. Maimakon ya rubuta sabo, sai ya durƙusa ya haska cikin baƙin akwatin da fitilar waya, ya karanto ainihin sunan da ke jikin allon ciki, ya rubuta shi harafi-harafi. Ya san sakarci ne. Da wani ne ya yi haka a zauren, shi zai fara yi masa tsiya.

Ya kunna. Fanka ta juya, allo ya yi haske, har ya fara sa rai. Sai wata da'ira ta fito a tsakiyar baƙin allo an ja mata layi, irin alamar da ake kafawa a titin da ba a shiga. Ya kashe ya sake kunnawa, ita ce dai. Duk ayyukansa suna ciki, kwamfutar lafiyarta lau, ba abin da ya canza a jikinta sai gaskiyar da ta faɗa. Ya jima yana kallon da'irar. Sannan ya rubuta mata sabon sunan aro, ta tashi garau, har sautin da ya yi kwanaki da ɗaukewa ya dawo.

Mai hankali da ya ɗauki darasi daga nan. Ɓarnau kuwa sai ya ce a ransa mutum ba inji ba ne. Washegari ya sa tsohuwar rigar aikinsa, ya zura sukurudireba a aljihun gaba inda za a gan ta, ya roƙi Auta kada ta riga shi shiga.

Baba yana zaune a bakin gado, rediyon a gefensa. Ɓarnau ya yi sallama ya durƙusa nesa da taga, don fuskarsa ta fito sosai.

"Baba, an ce kana nema na. Ɓarnau ne."

Tsohon ya ƙura masa ido. Ya dubi gemun, ya dubi sukurudireban, ya sake duban gemun. Ɓarnau ya ga wani abu ya motsa a idanun.

"Ɓarnau yaro ne," in ji Baba.

Ya rungume rediyon a ƙirji ya fara kiran Auta, yana ja da baya har ya dangana da bango. Ɓarnau ya miƙe ya fita. A baranda ya tsaya kusa da igiyar shanya, yana jin Auta tana lallashi a ciki, yana jin kukan tsohon yana raguwa. Bai ji haushin kowa ba. Kaɗaici ne kawai ya sauko masa, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ɗakinsa mai kujera ɗaya.

Auta ta fito idanunta jajur. Ta ce ya yi haƙuri, ya tafi gida ya huta, ita za ta san yadda za ta yi da abincin. Ya tambaye ta ko ya ci wani abu yau. Ta girgiza kai.

Ya cire rigar aikin ya rataye a igiya, ya rage daga shi sai ta ciki. Ya karɓi kwanon abincin daga hannunta ya ce ta shiga ta faɗa Magaji ya zo.

Baba ya tare shi da hannu biyu. Ya ba shi labarin wani ƙato da ya shigo zai sace masa rediyo, Ɓarnau ya ce ai ya kore shi, ba zai dawo ba. Ya zauna yana ba shi abinci a baki, tsohon yana ci yana shafa bayan hannunsa. Da aka gama, Baba ya tambaya ko ya isar da saƙonsa.

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce yana nan zuwa."

Baba ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. Rediyon yana kan bargo tsakaninsu, kuma tun daga inda yake zaune Ɓarnau ya hango ciwon: wata 'yar waya ce ta saki a gidan batir, aikin da ba zai kai shan kofin ruwa ba. Ya je baranda ya ciro sukurudireban daga aljihun rigar, ya dawo ya juya rediyon, ya sa bakinta a kan kusar farko. Hannun Baba ya sauka a kan nasa.

"Kai ba ka iya ba, Magaji. Bar masa kayansa."

Ya bari. Baba ya karɓi sukurudireban ya jujjuya ta, ya ce a ajiye wa yaron a nan inda zai gani in ya zo. Ɓarnau ya mayar da rediyon saman durowa, ya kwantar da sukurudireban a gefensa, sannan ya dawo bakin gado ya ci gaba da ba Baba labarin teku.