Ɗinkin da Ba a Buɗe Ba

Shekara uku saniyar nan Lachhi tana cin harawa ba ta ɗauki ciki ba. Sau tara ana yi mata allurar barbara, duk a banza. A ƙauyensu Jasmel Kaur, can wajen garin Moga, kowa ya san makomar juyar saniya. Al'adarsu ta hana yanka shanu, ba mai saye, sai dai a kora ta titi ta ci leda har mota ta karya ta. Ranar da ɗanta Pinder ya kawo wannan zance, Jasmel ta ce duk mai son kwance igiyar nan sai ya fara sare mata hannu.

Likitan dabbobi, Dakta Bhullar, ya duba ya ce iska ce ke shiga gaban saniyar tana ɓata mahaifa. Ya yi mata aiki, ya ɗinke saman wurin ya bar ƙasan. Jasmel ce ta tafasa ruwa, ita ta riƙe wutsiya, ita jini ya ɓata wa riga. Amma da aka zo bayani sai likita ya wanke hannu ya wuce gindin darbejiya, wurin mijinta Nachhattar Singh, wanda ke kan gadon igiya yana gyara rawani. Mutumin da ko hantsar saniya bai taɓa kamawa ba! Ita kuwa aka ce ta kawo shayi.

Aiki dai ya yi kyau. Bayan wata biyu ciki ya shiga, Jasmel ta raba wa maƙwabta alewa.

Ranar naƙuda, da hantsi, Lachhi ta kwanta ta tashi, ta sake kwanciya. Jasmel ta karɓi haihuwar shanu ta fi ashirin, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ga kofato biyu sun leƙo, kai ya ƙi fitowa, fata ta ɗame kamar ganga. Pinder ya hau babur neman likita. Kafin su iso wurin ya tsage, maraƙa ta faɗo harshe a waje, ba motsi. Mace ce ma, don ɓacin rai ya cika.

Likita na durƙusawa ya ɗago a fusace.

“Me ya hana ku kira ni tun sati biyu da suka wuce? Ɗinkin nan ai buɗe shi ake yi kafin haihuwa. Almakashi ne kawai, minti biyar! Kai mai gida, Sardar ji, ban gaya maka ba? Har sau biyu!”

Jasmel ta juya a hankali.

“Baban Pinder, ya gaya maka?”

“Ya faɗa.”

“Mantawa ka yi?”

“Ban manta ba.” Nachhattar ya kalli takalminsa. “Na ce in kwana ya ƙarato zan kira shi da kaina. Ban san kwanan ya yi ba.”

“A ina za ka sani? Wa ke ƙirga watannin? Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Haba, uwar Pinder. Ta yaya namiji zai buɗe baki ya yi wa mace zancen... wurin nan? Ga suruka kullum a tsakar gida.”

Kai jama'a! Jasmel ta ji wuta ta tashi tun daga tafin ƙafarta.

“Kunya? Shekara talatin da huɗu muna tare, 'ya'ya uku na haifa maka, yau ni kake jin kunya a kan gaban saniya? Da kake shan madararta ba ka ji kunya ba! Man shanu a kan gurasar roti da kake ci ba ka ji kunya ba!” Ta juya kan likita. “Kai kuma, Dakta sahib, da kake ɗinkin wa ka gani riƙe da wutsiya? Rawani ne ke tatsa a gidan nan?”

“Bibi ji, ai mai gida ake...”

“To ga mai gidan, ga aikinsa nan a ƙasa.”

Likita ya koma kan saniyar. Ya zaro allura ya ce zai haɗa abin da ya haɗu, amma tsagar ta yi zurfi, kada su sa rai za ta sake ɗaukar ciki. Nonon bana shi ne na ƙarshe.

Lachhi ta miƙe da ƙyar, ta juyo tana lasar maraƙar, tana tura ta da hanci wai ta tashi. Sai an ɗauke gawar kafin a fara ɗinki, likita ya ce, ya kalli Jasmel. Pinder ma ita ya kalla.

Ta goge hannu a gyale, ta ja da baya.

“Na rantse ba ni ba. Baban Pinder, zo ka cire mata ita daga baki. Wannan ba ya buƙatar magana.”

Nachhattar ya tako, ya sunkuya, ya kama ƙafafun maraƙar ya ja. Saniyar ta biyo shi tana kuka har inda igiya ta ƙare.