Ƙahon Moel Ddu

Elfed Parry yana goge ƙahonsa na tagulla da hannun rigarsa, karo na uku ke nan, lokacin da motar bas ta tsaya a ƙofar tsohuwar mahaƙar dutse ta Moel Ddu. Yaran makaranta suka rigayi kowa sauka. Bayansu tsofaffi takwas suka biyo a hankali, kowa da hular zuwa coci, wasu da sanda.

"Ka bar shi haka, kada ka huda shi," in ji Gwilym, abokin aikinsa na shekara ashirin. "Ƙirjinka ya kamata ka goge, ba ƙahon ba."

"Kai dai ka lura da gwiwarka, tsohon banza."

Yau ake buɗe wurin. Ramin da suka yi ƙuruciyarsu suna fasa dutsen rufin ɗaki a cikinsa ya zama gandun shaƙatawa: ruwa ya cika ƙasansa kore shar, itatuwa sun rufe tarin ɓaraguzai, an shimfiɗa hanya da katako. Duk garin ya fito. An kafa tebur da tukwanen shayi da burodi mai zabibi, iska tana ta kaɗa tutoci.

Aikin Elfed a da shi ne busa. Gajeru uku na nufin za a tashi nakiya, kowa ya ruga ɗakin fakewa. Doguwa guda na nufin lafiya lau, a koma aiki. Ranar da aka rufe mahaƙar, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, ya busa ukun, nakiya ta tashi, amma kafin ya busa doguwar manaja ya aiko a tara kowa a bakin ƙofa. Daga nan aka sallame su. Tun ranar babu ɗayansu da ya sake taka ramin, domin mai fasa dutse ba ya shiga inda ba a busa masa lafiya ba. Da aka gayyace su biki, sharaɗi ɗaya suka kafa: sai Elfed ya ƙarasa busarsa.

Matsalar ita ce ƙurar dutse ta cinye masa rabin huhu. Mako biyu yana gwadawa a rumfar bayan gida. Sau ɗaya kawai numfashin ya kai.

Nesta, matar da ke kula da gandun, ta iso da sauri, madubin hangen nesa yana lilo a wuyanta, fuskarta cike da murna.

"Baba Elfed, ƙwan shahon nan sun ƙyanƙyashe! Uku! Da safen nan na gani, a kan dutsen can na sama." Ta dafa hannunsa. "Sau ɗaya dai za ka busa, ko? Kada uwar ta tsorata."

"Sau ɗaya, 'yata. Ai ba ni da na biyu."

Kansila ya yi jawabi, iska ta tafi da rabinsa. Ya yanke ƙyallen da aka gitta a ƙofa, aka yi tafi, yara suka kwarara ciki kamar an ɓalle ƙofar garke. Tsofaffin takwas ba su motsa ba. Sun jeru a bakin ƙofa, ƙafafunsu daidai inda kwalta ta ƙare, duk sun juyo suna kallonsa.

Elfed ya hau dutsen bakin ƙofa da ya saba tsayawa a kai. Ya shaƙi maganin numfashinsa sau biyu, ya mayar aljihu. Zuciyarsa tana bugawa kamar ta ɗan shekara goma sha bakwai. Ya cika ƙirji iya ƙarfinsa, ya kafa ƙahon a baki.

Sautin ya fito tsaf, mai kauri, ya bugi bangon dutse ya dawo. Sai numfashin ya yanke. Ya ja da sauri ya sake busawa don ya haɗa, ya sake yankewa. Ya ƙara na uku.

Gajeru uku.

Kafin ya sauke ƙahon ya ga abin da bai taɓa tsammanin sake gani ba. Gwilym, wanda sai an riƙe shi yake hawa matakalar coci, ya dafe hula ya zura da gudu. Sauran suka rufa masa baya, kai a sunkuye, sanda a sama. Ba waje suka nufa ba. Ƙafafunsu sun san inda ɗakin fakewa mafi kusa yake, taku talatin cikin ramin, ɗan ginin dutse mai rufi mai kauri wanda Nesta ta sa aka gyara don masu kallon tsuntsaye. Suka ratsa ta gaban kansila, ɗaya ya ture masa kofin shayi, suka dunguma ciki, aka ja ƙofa.

Wuri ya yi tsit. Sai wata tsohuwa ta fashe da dariya har tana riƙe tebur, duk taron ya ɗauka. Nesta ta ɗaga madubinta da sauri wajen sheƙar shahon, ta daɗe, sannan ta sauke.

"Uwar ko gezau ba ta yi ba," ta ce.

Elfed ya sauko, kunya ta rufe shi. Ya tsaya a inda kwalta ta ƙare. Ba a busa lafiya ba. Amma mutanensa suna ciki. Ya ɗaga ƙafa ya taka, ya bi hanyar katakon yana haki, ya ƙwanƙwasa ƙofar.

"Wane ne?"

"Ni ne. Kuskure ne, numfashina ne ya yanke."

"Mun sani, mana," in ji Gwilym daga ciki. "Kanmu ya sani, ƙafafunmu ne ba su sani ba. Shigo ka rufe ƙofa, kana kawo iska."

Ciki da duhu, da warin jiƙaƙƙen dutse irin na da. Su takwas sun matsu a kan benci, suna numfashi sama-sama, ido na hawaye don dariya. Amma babu mai kallonsa. Duk sun kafa fuska a siririyar tagar da aka yanka a bango. Gwilym ya matsa masa wuri.

"Duba can. Ka gane wurin? Ni da kai muka sare matakin nan."

A kan matakin, can sama da ruwan, uwar shahon tana tsaye tana yagar nama tana sa wa 'ya'yanta uku, farare kamar dunƙulen auduga, a baki. Elfed ya kalla har numfashinsa ya daidaita.

Can wani daga ƙarshen benci ya ce, "To, mai ƙaho yana nan ciki tare da mu. Wa zai busa mu fita?"

Elfed ya ajiye ƙahon a ƙarƙashin benci, ya gyara zama.

"Wa yake sauri?" ya ce.