Mai Bes ɗin Farfesa

"Ba ka nuna ba tukuna," in ji Farfesa, yana sakace haƙori. "Sai ka ƙara shekara."

Kawu ya ji ransa ya yi baƙi ƙirin. Shi ne bai nuna ba? Mutumin da ya yi furfura yana kaɗa jitar bes, mai kaurin muryar nan, kafin ya ajiye kiɗan biki ya shigo jami'a neman digirin kiɗa? Yaran ajinsu da suka laƙaba masa Kawu duk sun gama sun watse. Shi kuwa an sake kayar da shi a jarrabawar ƙarshe.

Kuma kowa a sashen ya san dalili. Farfesa yana da ƙungiyar makaɗa tasa ta kansa, ɗalibai ke yi masa bauta duk ƙarshen mako, ko sannu babu. Mai ganga in ya tafi, gobe an sami wani. Mai bes irin Kawu fa, a ina?

"Ranka ya daɗe, na girme ka fa," in ji Kawu. "Me na yi maka?"

"Kai ma dai da saurin fushi! An ce 'yarka ta gaje ka, har ta fi ka hannu. Kawo ta sashenmu, ni zan ba ta gurbi. Ranar da ta riƙe mini bes, ranar zan sallame ka."

Ya faɗa yana murmushi, irin murmushin da ke sa 'yan matan sashen canza hanya.

*

Tun daga matakalar bene Kawu ya jiyo kiɗan, har gilashin taga na rawa. 'Yarsa Auta ce a falo da jitarsa. Wallahi yarinyar ta iya, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

"Baba, sannu da zuwa! Ka ci?"

"Ajiye jitar nan."

"Tsaya ka ji wani sabon salo da na..."

"Na ce ki ajiye! Kurma ce ke?"

Matarsa ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu. "Baban Auta, lafiya? Kar dai ka ce mini sun sake!"

Murmushin nan na Farfesa ya faɗo wa Kawu a rai. Ya ɗauko filaya, ya zauna, ya kwantar da jitar a cinyarsa. Tas! ya datse tsirkiya ta farko. Auta ta toshe baki. Ya datse ta biyu, ya datse ta uku.

Ta huɗun, mai kaurin, ta ƙi yankuwa. Sai da ya sa hannu biyu.